Ƙashin da ciwon dasashi ya cinye zai iya dawowa?

Tambaya: Likita, haƙorina na tauna na ƙasa ya fara girgiza. An yi mini hoto, aka ce ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da shi. Likitan ya ce zai zuba garin ƙashi ya rufe da wani tantani domin ƙashin ya sake tofowa. Anya hakan na yiwuwa? Na kuma ji an ce da alade ake yin kayan. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Yana yiwuwa, amma ba kowane rami ne ke cikewa ba.

Idan aka kankare dattin da ke jikin saiwar haƙori, sai a bar gurbi. Fatar dasashi tana da saurin tofowa, ita ke riga kowa gangarawa ta mamaye wurin. Ƙwayoyin halittar jiki da ke gina ƙashi da siraran jijiyoyin da ke ɗaure saiwa kuwa suna da nawa, kafin su iso an riga an tare musu gurbin. Tantanin nan shinge ne, irin wanda ake kewaye dashe da shi don kada awaki su cinye shi tun bai yi ƙwari ba. Yana tare fatar, ya bar wa masu nawar fili. Garin ƙashin kuma yana tallafe tantanin kada ya rufta, sabon ƙashi ya riƙa bin jikinsa yana hawa. Jikinki ne maginin, kayan hanya kawai suke nuna masa.

Dabarar ta daɗe. A 1982 ne Sture Nyman da abokan aikinsa a Suwidin suka fara nuna ta a bakin ɗan Adam. Tantanin da aka yi yayi da farko na roba ne, irin na Gore-Tex, wanda sai an sake buɗe wurin bayan mako 4 zuwa 6 a cire shi. Yanzu an fi amfani da mai narkewa da kansa.

Abin da kika ji game da alade gaskiya ne a kan wasu kayan. Tantanin Bio-Gide daga alade ake samo shi, haka ma Emdogain, wanda ake shafa wa saiwa. Garin Bio-Oss kuwa ƙashin saniya ne da aka tsarkake. Akwai kuma waɗanda babu dabba a cikinsu ko kaɗan: garin da ake haɗawa da sinadaran kalsiyam da fosfet, da tantanin roba mai narkewa. Ana iya ɗebo ɗan ƙashi daga muƙamuƙinki, ana kuma iya ɗibar jininki a juya shi a na'ura a fitar da wani daskararren sashensa da ake kira PRF a sa a wurin, ko da yake shi yana saurin narkewa, ba ya tsayawa a matsayin shinge na dogon lokaci. A ganina wajibi ne likita ya faɗa wa mara lafiya asalin abin da zai sa masa tun ba a tambaye shi ba. Ki nemi sunan kayan, ki ga kwalinsa. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, ki je musu da cikakken bayani.

Babbar tambayar da za ki yi masa ita ce siffar ramin. Rami mai zurfi, matsattse, da bangon ƙashi kewaye da shi, shi ya fi cikewa. Idan ƙashin ya zaizaye ne bai ɗaya a kwance, aikin ba ya ba da sakamakon kirki, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Haƙorin da ke girgiza sosai sai an ɗaure shi da maƙwabtansa tukuna, domin motsi na hana sabon nama kamawa.

Kada ki yarda a yi tiyatar sai an fara wanke ƙarƙashin dasashin, kumburi da zubar jini sun lafa. Idan kina da ciwon suga, a daidaita shi. Taba sigari na rage nasarar aikin ƙwarai. Bayan tiyata kada buroshi ko asuwaki ya taɓa wurin sai likita ya ba da izini, ki wadatu da ruwan kurkure baki da zai rubuta miki. Sabon ƙashi ba ya bayyana a hoto sai bayan wata 6 zuwa shekara.