Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Nama Ne Turawa Ke Kira "Sirloin"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Ingila nake zaune, kuma ina yawan gwada girke-girken da nake gani a intanet. Wata Ba'amurkiya ta yi girki da sirloin, ta ce nama ne mai sauƙin kuɗi, marar kitse. Da na je wurin mahauci na nemi sirloin, sai ya yanko mini wani nama mai tsada, ga kitse shimfiɗe a gefe guda. Shin cutata ya yi, ko ni ce ban gane kalmar ba?
— Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, mahaucin nan bai cuce ki ba, ita ma Ba'amurkiyar ba ta yi ƙarya ba. Kalmar ɗaya ce, amma mahautan ƙasashen biyu ba wuri ɗaya suke ɗora wuƙa ba.

A Ingila, sirloin tsoka ce ta gadon bayan saniya ko bijimin sa, daga inda haƙarƙari ya ƙare zuwa kusa da ƙugu. Wannan tsoka ba ta shan wahala idan dabba na tafiya, shi ya sa take da taushi, shi ya sa kuma take da tsada. Kitsen da kika gani a gefe shi ne alamarta. Wannan yanka ɗin, da za ki kai wa mutumin Amurka, cewa zai yi strip steak ne, ko New York strip.

Shi kuwa sirloin na Amurka yana can baya kaɗan, wajen ƙugu, dab da cinya. Kitsensa kaɗan ne, ya ɗan fi tauri, kuɗinsa kuma bai kai na wancan ba. Sun raba shi gida biyu: top sirloin, wanda ya fi kyau a gashi, da bottom sirloin. Abin da ya fi kusa da shi a wurin mahaucinki shi ne rump. Saboda haka duk ranar da girkin Amurka ya ce sirloin, ki ce a ba ki rump, ki rage wa jakarki nauyi.

Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne, surlonge, wato abin da ke saman ƙugu. Amma Turawa suna da wani labari da suke jin daɗin bayarwa a kan tebur. Wai Sarki James na Ɗaya ya sauka a gidan Hoghton Tower da ke Lancashire a 1617, aka kawo masa gasasshen nama, daɗi ya ratsa shi har ya zare takobi ya naɗa wa naman sarautar "Sir", wai daga nan sunan sirloin ya fito. Wasu su ce Henry na Takwas ne, wasu su ce Charles na Biyu. Ni dai duk labarin da aka rasa takamaiman sarkinsa, ina ɗaukarsa hirar bayan cin abinci. Kalmar tana cikin Turanci tun ƙarni na 15, ana rubuta ta da "sur", tun ba a haifi ko ɗaya cikin sarakunan uku ba. Wasan bai tsaya nan ba ma: idan aka bar sirloin na dama da na hagu a haɗe da ƙashin baya, sai su kira shi baron of beef, wato an ƙara masa girman sarauta ke nan.

Wajen amfani da kalmar, ki lura da abu guda. Idan kika ce "sirloin steak", yanka mai faɗi za a ba ki, na mutum ɗaya, kaurinsa kamar yatsa biyu. Idan kika ce "sirloin joint", dunƙule guda za a ɗaure miki da zare, na gasawa a obin don iyali.

Tunda kin riga kin saya, don Allah kada ki jefa shi a tukunya ya yi ta tafasa, asarar kuɗi ce. Ki tsane shi ya bushe, ki barbaɗa gishiri, ki bari kasko ya yi zafi sosai. Fara tsayar da shi a kan gefen kitsen har ya narke ya yi ja, sannan ki kwantar da shi minti biyu zuwa uku kowane ɓangare. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyos, a kuma bar shi ya huta minti 3 kafin a sa masa wuƙa. In kin yanka da wuri, ruwan naman a faranti zai ƙare.