Amsa: Masu fim da masu talla sun raina hankalinmu ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu shirya fim da masu talla sun ɗauke mu marasa wayo. E, da yawansu sun raina hankalin ɗan kallo, amma masu talla sun fi laifi nesa ba kusa ba. Shi mai fim tsoron asara ke damunsa. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube, inda kuɗi ke bin yawan kallo, sai ya ja labarin kashi 10 ya kai shi 80, kishiya da uwar miji suna ta maimaita faɗa ɗaya.

Amma ka zauna a wata fada a nan Yamai da dare, shayi na kan wuta, samari sun kewaye waya ɗaya suna kallon fim. Kafin a kai rabi wani ya faɗi wanda ya zuba gubar, wani ya lura jarumar ta shiga ɗaki da jan ɗankwali ta fito da shuɗi. Mutanen da ke kallon finafinan Kano da fassarar na Indiya kullum sun san labari mai kyau. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tallar da aka rubuta da Faransanci aka juye ta Hausa da Zabarmanci kalma-kalma, ko mai maganin da ke ihu a rediyo wai kwalba ɗaya ta jaka biyu na warkar da basir, suga da hawan jini. Matar da ke taya tumatir a kasuwar Katako har a rage mata dala biyar ba ta yarda da wannan ba. In ka ga ta saya, tsadar asibiti ce ta tura ta.