Anti, Abbansu ko izun da ɗansa yake bai sani ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni dai damuwata maigidana ne, yaranmu uku kuma tsakani da Allah bai rage mu da komai ba, ci da sha da sutura da kuɗin makaranta duk yana yi, amma fa shikenan. Ya fita kasuwa tun safe sai bayan magariba, yana gama cin abinci ya fice majalisa sai yara sun yi barci. Rannan malamin Islamiyya ya kira shi yana tambaya kan babban, wallahi ko izu nawa yaron yake bai sani ba sai miƙo min wayar yayi. Yanzu da sun ji ƙarar mashin ɗinsa kowa zai shiga taitayinsa. In nayi magana yace ai raino aikin mata ne. Ya zan yi? Maman uku, Kano.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Da farko ki gode Allah da yake sauke nauyin baki, ba ƙaramin abu bane a wannan tsadar. Kuma ki sani ba lallai rashin so bane, da yawan mazanmu haka suka taso, uba na zaure su kuma suna cikin gida, gaisuwar safe ce kawai take haɗa su, ga kunyar ɗan fari da wasu ko sunansa basa faɗa balle su ɗauke shi a gaban mutane. Abinda ya gani shi yake yi.

Amma bari in tambaye ki, ki ba kanki amsa tsakani da Allah. Sau nawa a rana kike cewa "bari Abbanku ya dawo"? Mu mata mu muke maida uba dodon gida bamu sani ba. Bawan Allah ya yini a rana ya shigo ko ruwa bai sha ba an tare shi da ƙara, wane ya fasa kofi, wance taƙi zuwa hadda, ya ɗauki bulala ya zane su ya fita. To me zai hana su nutsuwa in sun ji mashin? Laifin da za ki iya hukuntawa ki hukunta da kanki a wuce wurin, shi kuma ki dinga ajiye masa labari mai daɗi, kuma kar ke ki bayar, ki tura yaron ya kai masa littafin da kansa yace Abba kalli na cinye lissafi.

Sai wani abu da yake ban haushi da mu. Namiji ya ɗauki jariri, tun kafin ya zauna mun ce kawo shi nan ba haka ake riƙewa ba za ka karya masa wuya, ya saka Pampers a juye mu fashe da dariya har a ba ƙawa labari a waya yana ji. Namiji kuwa in aka dizga shi sau ɗaya ya bar abin kenan. Ki ƙyale shi yayi yadda ya iya, in riga ta zo a baibai ba mutuwa za a yi ba.

Kuma ki daina ce masa "ka dinga kula da yara", wannan maganar bata da kai, faɗa kawai take jawowa. Ki ware masa abu ɗaya ƙwaƙƙwara. Misali ki yi wa babban wanka ki saka masa kaya da hula ranar Juma'a ya tsaya a bakin ƙofa, da wuya uba yace ba zai tafi da shi masallaci ba. Ko aski, ko bitar hadda na minti goma kafin ya fita majalisa, kice ai sun fi jin muryarka. Mace kuma a bata ruwa ta kai masa ta zauna kusa da shi, kar ki kore ta da cewa tashi ki ba Abbanku wuri.

Batun raino aikin mata ne kuwa, al'ada ce ba addini ba. Manzon Allah (SAW) yayi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u bin Habis ya ga ya sumbaci Hasan yace shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda baya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ki faɗa masa wannan a hira lokacin da yake cikin nishaɗi, ba ki ja masa aya ana tsaka da rigima ba.

Ko hukumomi sun gane abin, a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, a Nijar kuma akwai makarantun mazaje da aka faro a yankin Damagaram da tallafin UNFPA, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, maza ne suke zama suna tattauna awo da haihuwa da lafiyar iyali. To amma ɗan kasuwa wa zai bashi hutu, sai dai dabarar cikin gida.

Ki yi hattara da dangi. In ya fara sakewa da yaran kar ki ɗora shi a status yana jijjiga jariri, gobe a majalisa za a fara kiransa mijin tace, wata gwaggo kuma tace an shanye shi. Abin takaici mata ne kan gaba wajen wannan gorin. In kina shiri da Hajiyarsa ki jawo ta jiki, ita in tace ɗauki ɗanka ba mai cewa uffan. In kin yi duk wannan wata da watanni bai motsa ba, ba laifinki bane, nauyin a wuyansa yake, sai ki samu yayansa ko wani malami da yake jin nauyi ya yi masa magana a sirrance.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Mun rabu da uban yarana rabuwa mara daɗi, yara biyu suna hannuna, yanzu ya aiko wai a kai masa su hutu. Zuciyata taƙi. Wata baiwar Allah, Maraɗi.

AMSA: Ɗiyata na san da ciwo, amma ke ya saka ba su ba. Indai baya cutar da su kuma kin aminta da gidan da za su zauna, ki haɗa musu kaya su tafi, kuma don Allah banda zagin ubansu a kunnensu, banda tambayar me amaryarsa ta dafa in sun dawo. Sai dai kar ayi abin da ka. Babanki ko kawunki su zauna da nashi manyan a tsayar da ranar tafiya da ranar dawowa da wanda zai rako su, in kuma kina tsoron zai riƙe su ne to ayi maganar a gaban shaidu tun kafin su bar gidan.