Yadda ake tantance asalin jirgin Dakota

Malam, ka tambaya ko fentin soja da ratsin baƙi da fari a jikin tsohon jirgin saman Dakota sun isa shaida cewa ya yi jigilar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba su isa ba, domin abin da ke tabbatar da asalinsa shi ne lambar da kamfanin Douglas mai ƙera shi ya buga a ɗan farantin ƙarfen da ke cikinsa, da lambar sojan Amurka da ake bin diddiginta a katin tarihin jirgin.

A iya abin da na gani, fenti ya fi komai ruɗin mutane, saboda an ƙera C-47, wato sunan da sojan Amurka suka ba Dakota, fiye da 10,000, kuma bayan 1945 aka yi gwanjon da yawansu, suka yi ta sauya hannu da rajista. Misali, jirgin da ya jagoranci babban ayarin sojojin laima zuwa Normandi ta ƙasar Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, ta lambarsa 42-92847 aka gano shi a wani filin tsofaffin jirage a jihar Wisconsin ta Amurka. Sai dai a kula, 42 ɗin shekarar kasafin kuɗin sayensa ce, amma a 1944 aka ƙera shi.