Yaya Zan Koyar da Waƙoƙin Homa Ba Tare da Kalmomi Sun Shaƙe Ɗalibaina Ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar adabi ce a wata sakandare mai zaman kanta. A wannan zangon an ɗora mini koyar da wasu sassa na Iliyad da Odisi, waƙoƙin nan na Homa, mawaƙin tsohuwar Girka, a fassarar Turanci, aka kuma ce in yi amfani da su wajen ƙara wa yara kalmomi. Kowane mako nakan tsamo kalmomi masu wuya kamar talatin, in rubuta a allo da ma'anarsu, su haddace, ranar Juma'a in yi gwaji. Suna cin gwajin, amma bayan mako biyu babu abin da ke saura a kansu, kuma sun tsani waƙar. Ga sunaye masu karya harshe, ga maimaici, ga maganar gumaka da wasu iyaye suka fara ƙorafi a kai. Ina mafita?

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara basira. Bari in fara da abin da zai ɗan sanyaya miki zuciya: yaran Girkawa ma sun sha wannan wahalar. Harshen Homa ba wanda aka taɓa yin ciniki da shi a kasuwa ba ne, gauraye ne na karuruwan Girkanci da tsofaffin kalmomin da mawaƙa suka gada. Akwai gutsuren wani wasan kwaikwayo na Aristofanis da aka nuna a Atina a shekarar 427 kafin Miladiyya, inda uba ya tsare ɗansa yana tambayarsa ma'anar kalmomin Homa masu wuya. A Masar kuma an tono takardun 'yan makaranta masu layi biyu, kalmar Homa a hagu, ma'anarta cikin Girkanci mai sauƙi a dama. Jerin kalmominki na Juma'a yana da kakanni ke nan. Sai dai waɗancan yaran suna jin waƙar da kunne, suna rera ta da baki. Ke kin riƙe jerin, kin saki muryar. A nan gizo ke saƙa.

Maimaicin da ke gundurar ku shi ne makamin da ya fi kowane kaifi a hannunki. Ga dalili.

An daɗe masana suna mamakin yadda Homa ke kiran Akilis, babban jarumin Iliyad, “mai saurin ƙafa” ko da yana zaune a tantinsa yana fushi, ko kuma kullum gari zai waye sai an ce alfijir “mai yatsu launin fure”. Wani Ba'amurke, Milman Parry, ya warware wannan a binciken digirinsa na Faris a 1928. Ya nuna cewa kowane jarumi yana da laƙubba masu tsawo dabam-dabam, kowanne an yanka shi daidai da wani gurbi a ɗangon waƙa, don mawaƙin da ke shiryawa a gaban jama'a ya cike karinsa ba tare da ya tsaya laluben kalma ba. Tsakanin 1933 da 1935 ya tafi Yugoslabiya, ɗalibinsa Albert Lord yana taya shi, suka naɗi mawaƙan baka masu kiɗa da gusle, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa kamar gogenmu. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Međedović, wanda bai iya karatu da rubutu ba, ya kawo waƙa guda mai ɗango sama da 12,000, kusan tsawon Odisi.

Abin da Parry ya tsallaka teku ya gano, ɗalibanki da shi suka tashi. Sunansa kirari. Yaron da ya san Kano tumbin giwa ce, Katsina ɗakin kara, dila kuma malamin daji, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane dalilin da Homa ke cewa garin Filos mai rairayi, garin Maisini mai yawan zinariya, jarumi Odisiyus mai yawan dabara. Ba wanda ke cewa maroƙi ya cika maimaici don ya sake kirarin sarki; jira ma ake ya zo wurin. To ki mai da ajinki 'yan amshi. Ki karanta da ƙarfi, in kin zo sunan jarumi ki dakata, su su cika da laƙabinsa. Ki ba kowane rukuni jarumi guda su riƙa tara kirarinsa a bayan littafi. Kalmar da yaro ya furta sau goma cikin labari, tare da abokansa, tana zama a ka fiye da wadda ya kwafa daga allo.

Ko karin ma ba baƙo ba ne gare su. Ɗangon Homa ƙafa shida ne, an gina shi a kan nauyin gaɓa: mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko masu nauyi biyu. A kan irin wannan awon na gaɓa rubutacciyar waƙar Hausa da ta Larabci suke tafiya, Turanci ne ke bin wata hanya dabam. Ki samo karatun ɗangon farko na Iliyad cikin Girkanci a YouTube, ki sa su buga karin a kan tebur. Minti biyar ya isa.

Yanzu ga kalmomin. Talatin a mako sun yi yawa, kuma ina zargin yawancinsu ba na Homa ba ne, na mai fassara ne: tsohon Turanci na sassan sulke da karusa da hadaya. Waɗannan ki faɗi ma'anarsu a wuce, kada ki yi gwaji a kansu. In kina da zaɓi, fassarar zube ta E. V. Rieu (Odisi 1946, Iliyad 1950) ko fassarar waƙa ta Emily Wilson, wadda Odisinta ya fito a 2017, Iliyad a 2023, za su rage miki rabin nauyin. Ni ma na yi shekaru ina sa yara haddar sunayen sassan jirgin ruwa kafin in gane ɓata alli nake yi.

Kalmomin da suka cancanci lokacinki kaɗan ne, kuma na Girkanci ne, domin su ne ginshiƙan labarin. Kalmar farko ta Iliyad ita ce menin, wato fushi, kuma waƙar gaba ɗaya tarihin fushin mutum guda ce. Akwai kleos, sunan da mutum ke bari ana waƙe shi bayan ransa. Akwai nostos, komawa gida. Akwai metis, dabara. Wadda na fi so a fara da ita kuwa ita ce xenia, haƙƙin da ke tsakanin baƙo da mai masauki.

Ki ɗauki babi na 9 na Odisi. A al'adar waƙar, baƙo in ya iso sai a ba shi ruwan wanke hannu, a ciyar da shi, sannan a tambaye shi ko shi wane ne. Kafin ki buɗe littafin ki tambayi ajin yadda ake karɓar baƙo a gidajensu. Za ki ji “baƙonka annabinka” tun ba ki rufe baki ba. Sannan ki shiga da su kogon Folifemus, ƙaton nan mai ido ɗaya. Shi da tambaya ya fara, bai ba Odisiyus da mutanensa ko ruwa ba, ya kama mutum biyu ya cinye. Da Odisiyus ya ba shi giya ya nemi kyautar baƙunta, sai ya ce kyautarsa ita ce zai ci shi a ƙarshe. Yaro ba zai manta xenia ba bayan wannan. Idan kuka isa Itaka, garin Odisiyus, ga manema auren matarsa Fenelofi su 108 sun tare a gidansa suna yanka dabbobinsa, yaran da kansu za su ce miki ai waɗannan ma sun karya ta, ta ɓangaren baƙi. Daga nan sai ki nuna musu cewa xenos, baƙo, shi ne ke cikin kalmar Turanci xenophobia da suke ji a labarai. Kalma ɗaya ta buɗe waƙar, ta kuma haifi wata.

A wannan babin akwai wasan kalma da Hausa ke ɗauka ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Odisiyus ya ce wa ƙaton sunansa Outis, wato Bakowa. Da suka tsiyaye masa ido ya kurma ihu, 'yan uwansa suka taru a bakin kogo suna tambayar wa ke cutarsa, ya ce Bakowa, suka koma barcinsu. Ki bar su su yi shi a wasan kwaikwayo. Amma kada ki tsaya a dariyar. Da jirgi ya ɗaga, Odisiyus ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da garinsu, don kada aikin ya tafi ba mai shi. Da wannan sunan Folifemus ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, gunkin teku, tafiyar gida ta zama ta shekara goma. Kwaɗayin kleos ya kusa cinye nostos. Tambayar da za ki jefa wa aji ke nan: ya kyauta ko bai kyauta ba? Muhawarar za ta tilasta musu amfani da kalmomin, abin da gwajin Juma'a bai taɓa yi ba.

Wata da ta isa darasi guda ita ce polytropos, siffar farko da aka ba Odisiyus a ɗangon farko. Poly yawa ne, tropos juyi. Mutum ne mai yawan juya al'amura, ko wanda duniya ta yi ta juyawa? Girkancin ya ɗauki duka biyun, masu fassara kuwa kowa da inda ya karkata. Ki ce su nemo ta da Hausa. Wani zai ce mai wayo, wani ya ce ɗan duniya, wata ta ce wanda ya sha gwagwarmaya. Su yi gardama da Hausa, sannan su koma su duba abin da mai fassararsu ya zaɓa. Ban yarda da masu hana harshen gida a ajin Turanci ba. Yaron da ya auna kalma da harshensa ya fi riƙe ta.

Saiwoyin kalmomi kuma ki riƙa tsinto su a hanya. Tele da ke sunan Telemakus, ɗan Odisiyus, nesa take nufi, ita ce a talabijin. Nostos da algos, ciwo, su wani ɗalibin likita a Basel, Johannes Hofer, ya haɗa a 1688 ya ƙirƙiri nostalgia don ciwon begen gida. Mentor sunan dattijon da Odisiyus ya bar wa amanar gidansa ne. Ki kuma ɗaga abin rubutunki ki gaya musu alƙalami daga kalamos na Girkanci ya taso, wato kara, ya biyo ta Larabci ya iso mu, kamar falsafa da dirhami. Takwas a mako, in sun zauna, sun fi talatin masu tashi.

Maganar iyaye kada ki raina ta, kuma kada ki jira sai sun zo. Ki rubuta musu gajeriyar takarda cewa adabi ake karantawa, ba aƙida ba. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya irin na Imru'ul Ƙaisi don lugga, ba wanda ya ce sun bi addinin mawaƙan. Sulaiman al-Bustani ya fitar da Iliyad cikin waƙar Larabci a Alƙahira tun 1904. Su kansu Girkawa ba duka suka yarda da hoton da Homa ya zana ba: masanin falsafa Zenofanis ya zarge shi da jingina wa abubuwan bautarsu sata da zina da yaudara, Aflatun kuma ya so a hana irin waɗannan labaran a tarbiyyar yara. Wannan ma abin tattaunawa ne a aji. Labarin lalatar gumaka Aris da Afrodait a babi na 8 na Odisi, da rabin ƙarshe na babi na 14 na Iliyad, ki tsallake su a wannan matakin.

Dama tsallakewa dole ce. Iliyad ɗango ne sama da 15,600 a babi 24, ba a cinye shi a zango guda. Jerin jiragen ruwa na babi na 2 ki bar wa masu bincike, sunaye goma sha biyu da taswira a bango sun wadatar. Ki kuma shirya wa waɗanda suka kalli fim: dokin katako ba ya cikin Iliyad, haka mutuwar Akilis, kuma labarin diddigensa babu shi a Homa sam. Waƙar 'yan makonni kawai ta ɗauka a shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka yi da birnin Turoyi. Ni babi huɗu nake zaɓa: na 1 don rigimar Akilis da Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, na 6 don bankwanan Hekta, jarumin Turoyi, da matarsa Andiromaki, inda jaririnsu ya tsorata da gashin dokin da ke kan kwalkwalin ubansa, na 22 don mutuwar Hekta, sai na 24.

Wannan na ƙarshen kada ki yi gwajin kalma a kansa ko ɗaya. Ki karanta musu kawai. Tsoho Firiyam, sarkin Turoyi, ya shiga sansanin abokan gaba da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya, yana roƙon Akilis gawar ɗansa Hekta. Ya ce wa Akilis ya tuna da nasa uban. Su biyun suka yi ta kuka, kowa da wanda yake yi wa, sannan Akilis ya yanka tunkiya suka ci tare. Za ki ji wani daga bayan aji ya ce xenia ba tare da kin tambaya ba. In kuka zo ɗangon ƙarshe, inda aka ce haka suka yi jana'izar Hekta, ki dakata kamar yadda kika saba, ki bar 'yan amshinki su cika. Kalmar da Iliyad ta rufe da ita a Girkanci kirarinsa ce: mai horar da dawaki.