Amsa: Baturen mulki da ya yi nazarin Swahili a Kenya

Malama Hauwa, kin tambaya ko akwai Baturen mulki da ya zurfafa a Swahili har za ki iya dogara da aikinsa a bincikenki. Akwai, H. E. Lambert, an haife shi 1893 ya rasu 1967.

Di'o ne a Kenya, ya jima a Meru cikin shekarun 1930. Aikinsa na harshe yafi ƙarfi bayan ya bar aikin gwamnati, ya bi ƙananan karuruwan harshen Swahili na bakin teku da ba kowa ke kula su ba, ya rubuta kan Kivumba a 1957, sai Chichifundi a 1958, har waƙoƙi ya tsara da Swahili, wallahi wannan ba ƙaramin ƙoƙari bane.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ɗauki misalansa a matsayin daidaitaccen Swahili, alhali shi daidaitaccen an gina shi ne akan karin Zanzibar. Sannan kar ki manta ma'aikacin Ingila ne, sanin da yayi wa majalisar dattawan Meru, Njuri Ncheke, ya yi amfani dashi wajen tafiyar da mulki, don haka ki haɗa da rubutun 'yan Kenya kansu.

Misalan karuruwan kuwa ki kai wa malamin Swahili ya duba miki kafin ki saka.