Amsa ga ɗan uwan da murfin injin mashin ɗinsa ya kwarzane

Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Na ga kace mashin ya zame da kai a kwalta ya kwanta ta ɓangaren dama, murfin kuloci ya kwarzane sosai, ka sayi Autosol ka goga har hannu ya gaji amma karcen na nan daram, shine kake tambaya ko akwai wani man gogewa da ya fi shi ƙarfi. Gaskiya kar ka ƙara kashe kuɗinka a kan mai, Autosol ɗin nan mai kyau ne, kawai dai ba aikinsa bane, shi aikinsa fito da ƙyalli a ƙarshe. Karce mai zurfi rami ne a jikin ƙarfen, kamar rami ne a tsakar gida, duk sharar da za kayi da tsintsiya ba zai tafi ba, ko dai ka cike shi ko ka rage ƙasan da ke gefensa har su zo daidai. To a alminiyam samfefa ce take wannan ragewar, kuma kusan duk wahalar aikin tana kan samfefar farko mai kaushi.

Kafin ka taɓa komai ka wanke wurin da omo da ruwa ya bushe, ka duba da kyau a cikin rana ko akwai tsagewa ko baƙin mai yana tsattsafowa. In akwai to maganar samfefa ta ƙare, sai walda, kuma ba kowane mai walda ba, ka nemi mai yin ta alminiyam da gas ɗin argon. Alminiyam yana narkewa ne a wajen digiri 660 kuma baya yin ja kafin ya narke irin yadda baƙin ƙarfe yake yi, wanda bai saba da shi ba yana cikin jiran ya ga ja sai kawai ya ga wurin ya rufta.

In babu tsagewa sai ka ja farcenka a kan karcen. Idan farcen ya wuce sumul to samfefa mai lamba 600 ko 800 ta isheka farawa, ƙaramar lamba ita ta fi kaushi, babba kuma ta fi laushi. Idan yana maƙalewa, wanda nasan irin naka kenan tunda kwalta ce ta ci shi, sai ka sauko 240 ko ma 180, in kuma gefen karcen ya tattaso yana yankar hannu ka fara bi da magagari mai laushi a hankali ka kwantar da tudun kawai.

Sai kuma abin da mutane da yawa basa lura da shi, yawancin mashinan da muke hawa a nan, su Boxer da Jincheng da Haojue, murfin nasu ba tsuran alminiyam bane a waje, fenti ne a kai ruwan azurfa ko baƙi, wasu kuma an bi su da kiliya, wato fentin nan mara launi da ake fesawa a sama. Tunda kana da Autosol gwajin mai sauƙi ne, ɗan shafa a farin tsumma ka goga a inda bai kwarzane ba, in tsumman yayi baƙi ƙirin to ƙarfen ne kai tsaye, in bai yi ba akwai fenti ko kiliya. Wannan yana da muhimmanci don in ka goge wuri ɗaya kawai zai fito yana sheƙi sauran kuma yana nan da launinsa, sai ya fi karcen muni. Ko dai ka cire fentin murfin gaba ɗaya ka goge shi duka, ko ka gyara wurin ka sake fenti.

Ni dai shawarata ka kwance murfin, aikin ya fi fita. Ka juye baƙin mai tukuna, ka cire kik da wayar kuloci, sannan kusoshin nan tsawonsu ba ɗaya bane, ka samu kwali ka zana siffar murfin kana soka kowace kusa a gurbinta. Ka sayi sabon fakin, wato abin da ake sawa tsakanin murfi da inji don hana yoyon mai, tun kafin ka fara don tsohon da wuya ya fita bai yage ba.

Samfefar da za ka nema baƙar nan ce ta ruwa, wadda masu fentin mota suke amfani da ita, wajen masu sayar da fentin mota zaka samu, lambar tana rubuce a bayanta. Ka jiƙa ta a bokiti da ɗan sabulu kaɗan. Don Allah kar ka goga da kan yatsa, yatsa yana bin ramin ne yana ƙara masa faɗi, ƙarshe karce ya tafi amma ka bar loɓawa wadda za ta fito fili da zarar wurin yayi sheƙi. Ka naɗe ta a ɗan guntun katako inda yake shimfiɗe, inda ya lanƙwasa kuma ka yanko tsohon silifas ka naɗa a kai, yana bin lanƙwasar da kyau. Kuma ka buɗa hannu ka haɗa da kewayen wurin, kar ka tsaya a kan layin karcen kaɗai. Wata dabara da nake yi, ina shafe wurin da alƙalamin maka baƙi ko shuɗi kafin in fara, duk inda ya rage da launi bayan na goga to nan ne ramin bai tafi ba, zaka ga siraran layuka sun rage a tsakiyar farin ƙarfe suna raguwa kaɗan kaɗan. Kar ka bar samfefar farko sai layin ƙarshe ya ɓace, a nan ne mutane suke gajiya su tsallaka 800 suna fatan za ta ƙarasa, wallahi ba za ta ƙarasa ba, sai dai ta sa maka karcen yayi ƙyalli. Ruwan zai riƙa komawa toka toka yana baƙi, alminiyam ɗin ne yake fita, ka riƙa ɗauraye takardar don in ta toshe dunƙulen da ya maƙale a jikinta sabon karce yake yi.

Daga nan abin ya zo da sauƙi, 400, 600, 800, 1200, ka ƙare da 1500 ko 2000. Duk lamba in ka canja sai ka canja hanya, in wannan ka yi ta tsaye ta gaba ka yi ta kwance, da haka zaka gane ko sawun ta baya ya fita. Bayan nan ne Autosol zai nuna maka aikinsa, kaɗan a tsumma mai laushi, ka goga yayi baƙi ka share da wani mai tsabta.

Giranda kam kar ka bari kowa ya kusanto da ita, a gareji za a ce maka minti biyu an gama, amma alminiyam yana da laushi kuma kaurin murfin 'yan milimita ne. Ga shi zubi ne aka yi shi, fatar waje ta fi tauri da santsi, in aka ci ƙasa da yawa sai ka fara ganin ƙananan huji kamar na allura waɗanda duk gugar duniya ba ta fitar da su. Burushin waya na baƙin ƙarfe ma ka guje shi, yana barin ɓurɓushinsa a ciki daga baya ka ga ɗigon tsatsa, haka soda mai ƙarfin nan da ake wanke inji da ita a wasu wuraren wanki, cin alminiyam take yi ta bar shi da dabbare dabbare.

In ka ga ramin ya kai yadda sai ka ci ƙarfe da yawa kafin ya tafi, to ka haƙura da sheƙi, ka wanke wurin da tina, ka cike da gam ɗin nan mai haɗi biyu na ƙarfe, ya kwana ya bushe, ka daidaita da 400 sannan firama ta alminiyam da fenti mai jure zafi. Fenti a garin nan kuma ka san halin sanyinmu na Jos, kar ka fesa da sassafe lokacin hunturu, ka bari rana ta ɗaga kuma a inda ƙura ba ta shiga. In kuma sheƙin ka zaɓa ka sani tsuran alminiyam yana dusashewa, da damina ta kankama ga ruwa ga jar laka sai kana ɗan bin sa da man gogewa lokaci lokaci. Wani lokacin ma in ka lissafa kuɗin samfefa da fenti gara ka zaga Dilimi wajen masu sayar da kayan gyara ka tambayi murfi na hannu, ka tafi da naka a gwada ramukan kusa.

Wajen mayarwa ka wanke murfin ciki da waje sosai, yashin samfefa in ya shiga baƙin mai illa ce babba ga inji. Kusoshin ka ɗaura su a gicciye kaɗan kaɗan da ƙaramar sifana, kar ka danne da ƙarfi don zaren alminiyam ne yana saurin cinyewa, ka zuba mai ka tada shi ya ɗau zafi ka duba gefen fakin ko yana yoyo. In da hali ka turo hoton wurin a kusa tare da sunan mashin ɗin, sai in faɗa maka lambar da ta dace ka fara da ita.